Kububuwar bishiya: macijiyar kurmin tsakiyar Afirka da ba a yi wa dafinta magani ba

Kububuwar bishiya, wadda masana ke kira Atheris squamigera, ƙaramar macijiya ce mai dafi da ke rayuwa a kan rassan itatuwa da cikin duhuwar ganye a kurmin tsakiyar Afirka, tun daga kudancin Najeriya da Kamaru har zuwa yammacin Kenya. Tsawonta ba ya kai mita guda. Tana cikin macizan nahiyar da hotunansu suka fi yawo a intanet saboda kyawun launinta, kuma gidajen ajiye namun daji da masu kiwon macizai a Turai da Amurka sun daɗe suna nemanta. Amma fiye da shekara 170 bayan da aka fara bayyana ta a rubuce, babu kamfani ko ɗaya a duniya da ke haɗa maganin da aka yi musamman domin dafinta. Wanda ta sara, ko manomin koko ne a Kamaru ko ma'aikacin gidan namun daji a Amurka, da maganin da aka yi wa wani maciji dabam za a gwada ceton ransa, in ma an samu.

Suna da dangi

Ba macijiyar ƙasar Hausa ba ce. Dogon rani da bushewar hunturu ba su karɓe ta ba, don haka sunan da ake ba ta a nan na siffantawa ne: kububuwa saboda dangantaka, bishiya saboda mazauni. Dangantakar kuwa ta gaskiya ce. Iyali guda ta fito da kasa da kuma kububuwar nan ta gonakin Gombe da Filato da Taraba da ake yi wa laƙabi da gobe da nisa, wato iyalin da masana ke kira Viperidae. Abin da ya haɗa su shi ne dogayen fiƙoƙi masu rami a ciki kamar allura, waɗanda ke naɗewa su kwanta a saman baki idan an rufe shi, su miƙe a lokacin sara.

Wani likita ɗan Amurka mai nazarin dabbobi masu jan ciki, Edward Hallowell na birnin Filadelfiya, shi ya fara bayyana ta a 1854, daga samfurin da aka kamo kusa da Kogin Gabon. Ya sanya ta a rukunin Echis, wato rukunin gobe da nisa, ya kira ta Echis squamigera. Kalmar ta biyu daga Latin take, ma'anarta mai ɗauke da ɓawo, saboda kaushin fatarta. A 1862 wani masanin, Edward Drinker Cope, ya buɗe wa waɗannan macizai na kan bishiya rukuni nasu na kansu da sunan Atheris. Duk da an raba su, hangen Hallowell bai faɗi ƙasa gaba ɗaya ba, domin har yau maganin dafin Echis ne likitoci kan fara nema idan aka kawo musu wanda ta sara.

Rukunin Atheris ya ƙunshi jinsi fiye da goma sha biyar, dukkansu a Afirka kudu da Sahara. Squamigera ce ta fi kowacce faɗin mazauni.

Kamanninta

Yawancin waɗanda aka auna suna tsakanin santimita 46 zuwa 65, mafi tsawo kuma kan kusanci santimita 80. Mace ta fi namiji girma. Kanta faffaɗa ne mai kusurwa uku, ya rabu sarai da siririn wuya. Bakinta gajere ne, idanunta manya, ƙwayar idon kuma a tsaye take kamar ta kyanwa, alamar dabbar da ke farauta da dare.

Abin da ya fi bambanta ta da sauran macizai shi ne fata. Kowane ɓawo da ke jikinta yana da ƙaramin tudu a tsakiya da tsini a ƙarshe, kuma sun hau kan juna kamar jeren ganye, har kan ma bai tsira ba. Wannan ya sa ba ta sheƙi. Hasken da ya ratso ganyaye ya sauka a jikinta watsewa yake yi, sai ta saje da reshen da take kai. Mutum kan iya miƙa hannu ya kama ganye alhali tana naɗe a ƙarƙashinsa bai gan ta ba, kuma ta irin wannan hanyar ce sara ke aukuwa.

Launinta ba ɗaya ba ne. Koriya ta fi yawa, daga kore mai duhu zuwa mai ruwan ganyen da ya fara tsufa, sau da yawa da ratsin rawaya a gicciye. Akwai kuma rawaya, da ruwan goro, da ja, da ruwan toka, da mai ratsin shuɗi, da wadda ta kusa zama baƙa. Uwa ɗaya kan haifi 'ya'ya masu launi dabam-dabam, kuma launin kan sauya yayin da macijiyar ke girma. Wannan ya daɗe yana rikita masana, har aka riƙa ba jinsi guda sunaye da yawa. A intanet ma rikicin bai ƙare ba: wasu hotunan da ake yaɗawa an ƙara musu launi da kwamfuta, ga shi kuwa macijiyar ba ta bukatar wannan taimako.

Wutsiyarta tana riƙo. Takan naɗe ta a reshe ta saki sauran jikin a iska, ta kai sara daga nan ba tare da ta faɗo ba. Ƙarshen wutsiyar fari ne ko ruwan madara, musamman a ƙanana, kuma masana na ganin suna kaɗa shi kamar tsutsa domin su yaudari kwaɗo ko ƙadangare ya matso.

A Asiya da Amurka ta Tsakiya akwai macizai masu kama da ita ƙwarai, koraye, masu wutsiyar riƙo, masu zama a bishiya. Ba 'yan uwanta na kusa ba ne. Waɗancan suna da ƙaramin rami tsakanin ido da hanci da ke jin ɗumin jikin dabba a duhu, ita kuwa ba ta da shi. Rayuwa iri ɗaya ce ta ƙera su siffa ɗaya a nahiyoyi uku.

Inda take da yadda take rayuwa

Cibiyar mazauninta ita ce kurmin Kwarin Kongo, wanda shi ne na biyu a girma a duniya bayan na Amazon. Ana samun ta a Kamaru, Gabon, Ikwatoriyal Gini, Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, Kongo Barazabil da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo, ta gangara arewacin Angola, ta miƙa gabas zuwa Uganda da kurmin Kakamega na Kenya da arewa maso yammacin Tanzaniya. A Najeriya tana kurmin kudu, musamman yankin Kuros Riba da ke haɗe da dazukan Kamaru. An kuma rubuta samunta a Ghana da Togo, sai dai daga can zuwa yamma 'yar uwarta Atheris chlorechis ce ta fi rinjaye.

Ba ta cika hawa ƙololuwar manyan itatuwa ba. Ta fi son ƙananan bishiyoyi da sarƙaƙiya da ciyayi masu tsayi, a bakin kurmi, kusa da rafi ko fadama, da tsofaffin gonakin da daji ya fara mayarwa. Wato tana zama ne daidai tsayin hannu da ƙirji da fuskar mutumin da ke sassabe, ko tsinkar koko da gahawa, ko neman itacen girki. Shi ya sa, saɓanin gobe da nisa da ta fi sara a ƙafa, sarar macijin bishiya kan faɗa a hannu ko saman jiki.

Da rana takan kwanta a naɗe, wani lokaci ta fito shan hantsi a saman ganye. Da dare take farauta, kuma farautarta ta kwanton ɓauna ce: takan zauna wuri guda na tsawon lokaci, kai a sunkuye, tana jiran abin da zai gifta a ƙasa ko a reshe. Abincinta ɓeraye ne da sauran ƙananan dabbobi, da kwaɗi, da ƙadangaru, wani lokaci da tsuntsaye. Ba ta bin mutum. Idan aka taɓa ta ko aka matse ta kuwa, ba ta da haƙuri.

Ba ta yin ƙwai, haihuwa take yi. Bayanan da aka tattara sun nuna ana barbara a wajen Satumba da Oktoba, a haihu a Maris da Afrilu, kuma 'ya'ya bakwai zuwa tara ne aka fi gani a haihuwa ɗaya. Jariran suna fitowa da fiƙoƙinsu da dafinsu, uwar kuma ba ta renon su.

Dafin

Dafinta a jini yake aiki. Wurin da aka sara kan kumbura ya yi zafi mai tsanani, kumburin ya hau gaɓa, wani lokaci da ƙuraje masu ruwa. Babbar illar tana ɓoye a ciki. Sinadaran dafin suna cinye abubuwan da ke sa jini ya daskare, har a kai matsayin da jinin mutum ba ya iya yin guda. Daga nan sai zubar jini daga dasashi, ko a fitsari, ko daga tsohon rauni, ko a cikin ƙwaƙwalwa, wanda shi ne mafi hatsari. Ƙoda ma kan daina aiki. Duk wanda ya san sarar gobe da nisa zai gane wannan hoto, har da yaudarar da ke cikinsa: mara lafiya kan ji kamar ya samu sauƙi a kwana na farko ko na biyu alhali jininsa ya riga ya lalace.

An daɗe ana ɗaukar Atheris a matsayin macizan da dafinsu bai kai ya kashe ba, saboda ƙanƙantarsu. Rahotannin likitoci sun rushe wannan zato. A 1991 an wallafa labarin mutuwar wani mutum da squamigera ta sara a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. A 1998 Dietrich Mebs na Jamus da abokan aikinsa sun bayyana a mujallar Toxicon yadda wani mai shekara 34 ya kamu da amai da gudawa bayan sara, jininsa kuma ya daina daskarewa. A 2006 likitoci a Holan sun ba da rahoton wani da Atheris chlorechis ta sara, ya yi asarar jini mai yawa, ƙodarsa ta tsaya. A Afrilun 2021 kuma wata kububuwar bishiya ta sari ma'aikacin gidan namun daji na San Diego a Amurka, labarin ya zagaye kafofin yaɗa labaran duniya.

Jerin nan da kansa abin lura ne. Macijiyar Afirka ce, amma mafi yawan cikakkun bayanan da ilimin likita ke da su kan dafinta daga asibitocin Turai da Amurka suka fito, inda aka kwantar da masu kiwonta. A ƙauyukan kurmi, inda asibiti kan yi nisan yini guda a ƙasa ko a kwalekwale, ba a cika rubuta sara ba, balle a tantance macijin da ya yi ta. Abin da ba a ƙirga ba kuwa ba ya shiga kasafin kuɗi.

Dalilin rashin magani

Hanyar haɗa maganin dafi ba ta canja sosai ba tun da Bafaranshe Albert Calmette ya fito da ita a shekarun 1890. Ana tatsar dafin maciji, a riƙa yi wa doki ko tunkiya allurarsa kaɗan-kaɗan har jikin dabbar ya samar da garkuwa, sannan a ɗebi jininta a tace garkuwar. Maganin yana aiki ne a kan dafin da aka yi shi da shi, ko wanda ya yi kama da shi sosai. Kafin a yi wa Atheris nata, sai an tara macizan, an kiwata su, an tatse su, an ciyar da dawaki, an yi gwaji, an kuma samu wanda zai saya. A wannan mataki na ƙarshe maganar ke tsayawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa macizai masu dafi gida biyu. Kashi na farko su ne masu yawan sara da yawan kisa, irin su gobe da nisa da kasa da kumurci. Kashi na biyu su ne masu iya kisa amma sararsu ba ta da yawa, ko kuma bayanai a kansu sun yi ƙaranci. Squamigera tana kashi na biyu. Kamfanin da ke lissafin riba ba zai kashe kuɗi a kanta ba, tun da hatta macizan kashi na farko ba su iya riƙe kasuwa ba.

Labarin Fav-Afrique ya isa shaida. Magani ne na kamfanin Sanofi Pasteur na Faransa da ke aiki a kan dafin macizai goma na Afirka, kuma likitoci sun yarda da ingancinsa. Kamfanin ya daina yin sa a 2014, yana cewa magunguna masu araha sun kore shi daga kasuwa. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi gargaɗi a 2015 cewa na ƙarshen da ya rage zai lalace a Yunin 2016. Wasu daga cikin masu arahar da suka mamaye kasuwar an yi su ne da dafin macizan Indiya, waɗanda sunansu ya yi kama da na Afirka amma dafinsu ya bambanta. Wani bincike da aka wallafa a 2008 daga wani asibitin karkara a tsakiyar Ghana ya nuna cewa da aka sauya zuwa irin wannan magani, mace-macen waɗanda maciji ya sara sun tashi daga kashi 1.8 zuwa kashi 12.1 cikin ɗari.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun ce macizai na sarar mutum kusan miliyan 5.4 a shekara, tsakanin 81,000 da 138,000 na mutuwa, waɗanda ke nakasa kuma sun ninka haka kusan sau uku. A Yunin 2017 hukumar ta sanya sarar maciji a jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su. A Mayun 2018 babban taronta ya zartar da ƙuduri a kai, a 2019 kuma ta fitar da shirin rage mace-mace da nakasa da rabi kafin 2030. Tsohon Sakatare Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya, Kofi Annan, yana cikin waɗanda suka matsa a yi hakan a ƙarshen rayuwarsa. An kuma ware 19 ga Satumba a matsayin ranar wayar da kai kan sarar maciji.

Najeriya tana da nata rabon ilimi a wannan fage, kuma daga arewa ya fito. A shekarun 1970, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, David Warrell da abokan aikinsa suka yi nazarin sarar gobe da nisa, daga nan kuma aka samu gwajin nan mai sauƙi da ake amfani da shi a duniya yau: a zuba jinin mara lafiya a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, a ajiye minti 20 ba a taɓa ba, in bai daskare ba dafi ya shiga jini. Daga baya haɗin gwiwar masanan Najeriya da Makarantar Likitancin Ƙasashe Masu Zafi ta Libaful ya haifar da magunguna biyu daga dafin macizan Najeriya: EchiTAb-G da ake yi a Birtaniya da jinin tumaki domin gobe da nisa, da EchiTAb-Plus-ICP da Cibiyar Clodomiro Picado ta Kosta Rika ke yi da jinin dawaki domin gobe da nisa da kasa da kumurci. Asibitin Kaltungo a Jihar Gombe da na Zamko a Jihar Filato su ne manyan wuraren da ake ba da su, Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero ta Kano kuma yana cikin waɗanda suka yi fice a binciken. Macizan na nan gida, masanan na nan gida, masana'antar ce ke ƙetare, shi ya sa ƙarancin maganin ke dawowa duk lokacin da kuɗin gwamnati ya makara ko darajar naira ta faɗi. A 2001, a Abuja, shugabannin Afirka sun yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu ga lafiya. Gwamnatin tarayyar ƙasar da ta karɓi baƙuncin taron ta shafe shekaru tana kewaya kashi biyar.

Inda wannan ya shafi kububuwar bishiya shi ne, akwai rahotannin da suka nuna maganin dafin Echis kan rage illar dafinta a wasu lokuta, a wasu kuma bai yi komai ba. Ba tabbas ba ne, amma shi ne abin da ake da shi. Sai dai gobe da nisa macijiyar fili ce mai ciyawa, don haka maganinta a asibitocin arewa ya fi taruwa. Mai aikin koko a Ikom ko a kudancin Kamaru, inda 'yan ƙwadago da 'yan kasuwa daga arewa ma suke zuwa neman abinci, yana nesa da shi da ɗaruruwan kilomita. Idan babu magani, abin da ya rage wa likita shi ne ƙarin jini da sinadaran daskarar da shi, da wankin ƙoda idan ta tsaya, waɗanda duk sai a babban asibiti.

Idan ta sari mutum

Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ɗaya ce ga irin waɗannan macizai. A janye mutum daga wurin, a cire zobe da agogo da duk abin da zai matse idan kumburi ya zo, a sa wa gaɓar karan ɗori domin kada ta motsa, a ɗauke shi zuwa asibiti ba tare da ya yi tafiya da ƙafarsa ba idan hali ya yi. Idan yana amai a kwantar da shi a gefe. Kada a ɗaure gaɓar tamau da igiya ko roba, domin hakan na kashe nama har a kai ga yanke hannu. Kada a yi tsaga, domin jinin da ba ya daskarewa ba zai tsaya ba. Tsotsar wurin da ɗora baƙin dutse ba su cire dafi. A guji asfirin da danginsa, su ma suna tsinka jini. Farasitamol ya isa kafin a kai asibiti. Ba a bukatar a tsaya neman macijin a kashe. Hoto daga nesa da wayar hannu ya fi amfani ga likita. Ko mutum ya ce ya warware, a bar shi a asibiti aƙalla kwana guda ana maimaita gwajin jini.

Kasuwa da kurmi

Ƙungiyar IUCN mai lura da halin da halittu ke ciki ta sanya squamigera a sahun waɗanda ba su fuskantar barazanar ƙarewa a yanzu, saboda faɗin mazauninta. Wannan hukunci ya rataya ne a kan kurmin da take ciki. Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo kaɗai tana asarar kimanin hekta rabin miliyan na tsohon kurmi a kowace shekara a 'yan shekarun nan, mafi yawa saboda ƙananan gonaki da gawayi, a ƙasar da akasarin jama'a ba su da wutar lantarki. A Yulin 2022 gwamnatin Kinshasa ta sa filayen mai 27 da na iskar gas uku a kasuwa, wasu a cikin kurmi. A Oktoban 2024 ta soke gwanjon filayen man. A Najeriya, gwamnatin Ben Ayade ta Kuros Riba ta fito da shirin babbar hanya mai tsawon kilomita 260 a 2015, a farkon 2016 kuma ta ƙwace haƙƙin mallakar ƙasa na kilomita goma a kowane gefen hanyar. Al'ummomin kurmi irin su Ekuri da ƙungiyoyin kare muhalli sun yi tsayin daka, har gwamnatin ta janye ƙwacen a 2017. Gandun Dajin Ƙasa na Kuros Riba, da aka kafa a 1991, da na Korup a tsallaken iyaka a Kamaru, suna cikin manyan wuraren da irin wannan kurmi ya rage a yankin.

'Yan uwanta masu ƙaramin mazauni sun fi ta shiga hatsari, kuma kyawunsu ne ke jawo musu. Atheris hispida, da Raymond Laurent ya bayyana a 1955, tana da ɓawo dogaye masu lanƙwasa kamar gashi, tana gabashin Kongo da Uganda da yammacin Kenya, masu tara macizai kuma na rububinta duk da ba ta jure zaman keji. Atheris desaixi a wasu 'yan dazuka kusa da Dutsen Kenya kawai take. A taron yarjejeniyar CITES na 2016 a Johannasbag, Kenya ta nemi a sa ido kan cinikinta tsakanin ƙasashe, aka amince. Har yanzu kuma ana gano sababbi. An bayyana Atheris mabuensis daga Dutsen Mabu na Mozambik a 2009, a 2020 kuma aka bayyana Atheris hetfieldi daga tsibirin Bioko, aka raɗa mata sunan James Hetfield, mawaƙin ƙungiyar Metallica ta Amurka.

A ƙarshen 2011 Michele Menegon da Tim Davenport da Kim Howell suka bayyana wata sabuwa daga tsaunukan kudancin Tanzaniya, baƙa da rawaya, mai ƙananan ƙahoni a saman idanu. Sun kira ta Atheris matildae, da sunan 'yar Davenport. Dajin da take ciki bai kai murabba'in kilomita 100 ba. Al'adar masana ce su rubuta ainihin wurin da aka kamo samfurin farko na kowane sabon jinsi, domin wasu su je su tabbatar. A wannan karon sun ƙi bayyana wurin, saboda tsoron cewa dillalan macizai za su riga masu bincike isa can.